Ɗaura Sabuwar Fitila da Robar Gaba a Kan Babur: Daga Awo Zuwa Saitin Haske

Duk wanda ya saba tafiyar dare a kan Boxer ko Jincheng ya san yadda fitilar kamfani take: idan ka murza totur ta ɗan buɗe ido, idan ka sassauta don rami ta koma kamar aci-balbal, a daidai lokacin da ka fi bukatarta. Ga kuma iskar hunturu tana dukan ƙirji tun daga Nuwamba har Fabrairu. Shi ya sa mutane da yawa ke sayen sabon kai gaba ɗaya, fitila haɗe da robar da ke rufe ta da ɗan gilashin tare iska a sama. Kayan sun cika shagunan safaya, daga Nnewi har kasuwanninmu, kuma aikin bai fi ƙarfin mai babur ba in yana da haƙuri da yini guda. Sai dai yawancin waɗanda nake gani a titi an ɗaura su ne don ido kawai. Roba tana karkarwa, wayoyi a murɗe da salatif, haske kuma yana kallon sama yana makantar da bayin Allah. Abubuwa uku ne ke raba aiki mai kyau da aikin nadama: sanin irin wutar da babur ɗinka ke bai wa fitila, barin kan babur ya juya ba abin da ke riƙe shi, da saita haske ya sauka a kan hanya.

Kafin ka je kasuwa: wace irin wuta ke zuwa fitilarka?

Nan ne aka fi yin asara, don haka nan zan fi daɗewa. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji, ka kunna fitila. Idan ta kama, daga batir take ci, wato wutar DC. Idan ba ta kama ba sai inji ya tashi, kuma haskenta na hawa da sauka tare da totur, to kai tsaye daga kwayil take ci, wato wutar AC. Mafi yawan ƙananan baburan da muke hawa a wannan rukuni na biyu suke. In kana da mitar awon wuta, tabbatar da ita a soket ɗin kwan fitila inji na aiki, domin akwai 'yan baburan da ke kan DC amma an tsara su kada fitila ta kama sai inji ya tashi.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Kwan fitila na gargajiya mai zare a ciki bai damu da AC ko DC ba. LED kuwa DC take so. Idan ka jona ta a AC za ta riƙa ƙyafta ido a silo, wata kuma ba ta yin mako guda take ƙonewa. Akwai waɗanda aka rubuta AC/DC a kwalinsu, an saka musu abin gyara wuta a ciki. Suna aiki, amma ƙyaftawar a silo ba ta cika ɓacewa gaba ɗaya ba.

Sai batun ƙarfi. Kwan da kamfani ke sakawa a irin waɗannan babura galibi wat 35/35 ne a kan bolt 12, yana jan kusan amfiya 3. Kwan mota na H4 kuwa 60/55 ne, yana jan kusan amfiya 5. Mutane na sayen kai mai H4 suna zaton sun sayi haske, alhali kwayil ɗin ba shi da abin ciyar da shi, sai hasken ya fito ja, ya ma fi na da rauni, zafinsa kuma ya narka soket. In sabon kan na kwan zare ne, tsaya a kan 35/35. Duba gindin kwan ma, don ba iri ɗaya ba ne: akwai BA20d, akwai P15d, akwai HS1 wanda ya yi kama da H4 amma ba ya shiga gurbinsa daidai. Ka zaɓi kan da za ka samu kwansa a kowane ƙauye idan ya mutu maka a hanya.

In LED ce, kada ka yarda da lambar da ke jikin kwali. Ka ce wa mai shago ya jona ta a batir, ka auna amfiyar da take ja, ka ninka da 12. Wadda ke jan amfiya ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato wat 12 zuwa 18 na gaskiya, ta ishi ƙaramin babur. Ni na fi son mai ƙarfen shanye zafi a bayanta a kan mai 'yar fanka, domin ƙurarmu ba ta barin fanka ta yi tsawon rai, kuma da zarar ta tsaya fitilar ta kama hanyar ƙonewa. Launi ma abin dubawa ne. Farin nan mai shuɗi-shuɗi na 6000K zuwa sama yana burge ido a shago, amma cikin hazo ko ƙura sai ya tsaya a gabanka kamar farin bango. Mai ɗan ruwan ɗorawa, wajen 4300K, ya fi sauƙi a ido.

Haska fitilar a bangon shagon kafin ka biya. Dim mai kyau tana da iyaka a sama, layi a kwance, haske a ƙasa duhu a sama. In ta watsu ko'ina kamar tocilan, bar ta. In kuma layin ya ɗaga ta gefe guda, duba wane gefe. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Gana ta bi a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi su ma dama suke bi, don haka mu ɗagawar ta dama muke so, wajen bakin hanya. Indiya da Japan da Indonesiya da Tailan hagu suke bi, kuma fitilar da aka ƙera don titinsu tana ɗaga haske ta hagu, wato cikin idon mai tahowa.

Zaɓen roba da awo

Robar gaba iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaurewa a jikin shokozoba ko hannun babur, tana juyawa tare da kai. Akwai kuma wadda ake kafe ƙarfenta a wuyan firam, tana tsaye ko ka juya kai. Ta biyun ta fi natsuwa a iska, amma tana bukatar mai walda ƙwararre da wuri mai faɗi da hannu zai juya a cikinta. Wannan jagorar kan ta farko take, ita ce ta dace da babur na CC 100 zuwa 150.

Tunda da kai take juyawa, duk iskar da ta buge ta a hannunka za ka ji. Babbar roba mai dogon gilashi a kan babur mara nauyi, ranar da tirela ta wuce ka a guje za ka gane kurenka. Saya ƙarama. Kada kuma ka ɗauki mai fukafukai da ke saukowa su rufe gaban inji, domin da iska injin nan ke shan sanyi, kuma zafin Afrilu ba ya bukatar taimako.

Lanƙwasa gefen robar kaɗan da hannu. ABS, wato irin robar da ake ƙera ta da ita, mai kyau tana ɗan bayarwa ta dawo. Wadda ta yi fari a wurin lanƙwasa ko ta yi ƙara, rana ɗaya za ta tsage a bakin noti.

Awo huɗu za ka tafi da su kasuwa a rubuce: kaurin sandar shokozoba tsakanin maɗaurin sama da na ƙasa, tazarar da ke tsakanin sandunan biyu, tazarar kunnuwan da ke riƙe fitila, da nisan da ke tsakanin maɗaurin ƙasa da madigadi. In ba ka da abin awon kauri, zagaya zare a jikin sandar, auna tsawonsa, raba da 3.14. Zare mai milimita 94 na nufin sanda mai milimita 30.

Kayan aiki: sifana 8, 10, 12 da 14, sukundireba mai baki da mai tauraro, filaya, mitar awo ko fitilar gwaji, salatif na takarda da na wuta, robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, kawunan jona waya, igiyoyin roba na ɗaure waya, washa na roba da na ƙarfe, noti masu roba a ciki, da na'urar huda. In za ka koma DC, ƙara rile (ƙaramin maɓalli da wuta ke kunnawa) mai ƙafa huɗu, gidan fiyus, da waya mai kauri milimita 1 zuwa 1.5.

Cire tsohon kai

Ɗora babur a kan babban jak a wuri mai lebur. Cire wayar batir ta (−) tukuna, ka rufe tanki da madigadi da tsumma. Kwance ƙananan sukurorin da ke riƙe da zoben fitila, jawo gilashin a hankali, zare soket.

Tsaya nan. Abin da za ka gani a cikin ƙoƙon fitila shi ne mahaɗar wayoyin babur kusan duka: na makulli, na sigina, na hon, na mita, na maɓallan hannu. Ɗauki hoto da wayarka ta fuska uku ko huɗu kafin ka taɓa komai. Duk wayar da za ka raba, liƙa mata salatif na takarda a ɓangarorin biyu ka rubuta lamba ɗaya. Minti goma ne, amma shi ke hana ka kwana kana neman dalilin da hon ke ƙara idan ka taka burki. Bayan nan ka zaro wayoyin ta ramin baya, ka kwance notin gefe biyu, ƙoƙon ya fita. Ajiye tsofaffin kayan a leda guda, za su yi amfani ranar sayar da babur.

Gwajin zama, ba tare da ɗaure komai ba

Idan kunnuwan asali sun dace da sabon kan, ka huta. Idan ba su dace ba, maɗauran da suka zo da kayan za su kama sandar shokozoba, kuma wurinsu ɗaya ne tak: tsakanin maɗaurin sama da na ƙasa. Ƙasa da nan wurin da shokozoba ke shiga da fita ne, duk abin da ka ɗaura a can zai ci sil ko ya tokare tafiyarta. Sa yankin tsohon tib tsakanin maɗauri da sanda don kada ya zame ko ya kankare ta. Kada ka yarda a yi walda a jikin sandar shokozoba, komai ƙanƙantarta. In ana bukatar ƙarin ƙarfe, a yanko falle mai kaurin milimita 2 zuwa 3, a lanƙwasa, a huda, a ɗaure da noti. Masu ƙira irin na Panteka a Kaduna ko na kowace kasuwar ƙarfe za su yi maka cikin ɗan lokaci in ka kai musu samfuri da ka yanka a kwali.

Saka dukan noti da hannu, sako-sako, ka ɗora fitila da roba. Koma gaba taku biyar ka duba: tsakiyar fitila ta yi daidai da tsakiyar taya? Sannan juya kai har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama. Roba kada ta taɓa tanki, kada ta taɓa hannun kuloci ko na burki idan ka matse su, kuma yatsunka su samu wurin wucewa. Bar aƙalla faɗin yatsa guda ko'ina. Sauke babur daga jak, riƙe burkin gaba, danna kai ƙasa da dukan ƙarfinka sau da yawa, wani na tsugune yana kallon ƙasan robar da madigadi. A rami shokozoba tana nutsewa fiye da yadda hannunka zai iya danna ta, wajen santimita goma ko fiye, saboda haka kada ƙasan roba ya sauko sosai ƙasa da maɗaurin ƙasa.

Gilashin sama ya kwanta daidai da kwanciyar shokozoba. In ka zauna, bakinsa ya tsaya ƙasa da haɓarka, ta samansa za ka riƙa kallon hanya. Gilashin roba da ya sha ƙura, fitilar mota ta haske shi da dare, ba abin da za ka gani ta cikinsa.

Idan sai an yi sabon rami, liƙa salatif na takarda a wurin, yi alama, sa katako a baya, fara da siririn baki, ka huda a hankali ba dannawa. Ramin ya fi noti faɗi da kamar milimita ɗaya ko biyu, domin roba tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, kuma ramin da ya matse noti shi ne mafarin tsagewa. Kada rami ya matso baki fiye da santimita ɗaya da rabi.

Wayarin

Fitila waya uku gare ta: ful, dim, da at, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta zuwa jikin ƙarfen babur. Kada ka amince da launi. A tsarin Honda, wanda baburan China da yawa suka kwaikwaya, kore ne at, shuɗi ful, fari dim, baƙi kuma wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli. A Yamaha baƙin nan shi ne at, rawaya ful, kore dim. A Suzuki at baƙi ne mai ratsin fari. Ka ga wanda ya haɗa baƙi da baƙi da ka zai iya haɗa wuta da at kai tsaye. Gwada kowace. Mayar da batir na ɗan lokaci, tayar da inji in AC ne, sa ƙafa ɗaya ta fitilar gwaji a jikin inji, ɗayar a kan waya, ka sauya maɓalli tsakanin ful da dim kana rubutawa. Wayoyin sabuwar fitila kuma ka gwada su ɗaya-ɗaya a batir.

In kwan zare ne 35/35, ko LED mai AC/DC, ko kuma fitilar babur ɗinka dama tana kan DC, aikin ya ƙare a jona uku da uku.

In kuwa LED ce mai son DC zalla, babur ɗinka kuma na kan AC, ga hanya mafi tsabta. Nemo wayar da ke kawo wutar kwayil zuwa maɓallin fitila na hannu, galibi rawaya ce a tsarin Honda. Raba ta a mahaɗarta ta cikin ƙoƙon fitila, ba can kusa da inji ba, domin dole rektifaya, abin da ke mayar da wutar kwayil DC don cajin batir, ya ci gaba da zama a jone da kwayil. Ɓangaren da ya fito daga kwayil ka rufe bakinsa ruf. Ɓangaren da ya nufi maɓalli shi za ka ciyar daga rile. Ƙafafun rile suna da lamba a jikinsu: 30 tana zuwa (+) na batir ta cikin fiyus, 87 tana zuwa wayar maɓallin, 86 tana zuwa wayar da ke samun wuta bayan an murɗa makulli, 85 tana zuwa at. Fiyus na amfiya 5 ya isa, kuma a kusa da batir ake sa shi, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba, don ya kare dukan tsawon wayar. Fiyus da aka ɗaure da zaren waya ba fiyus ba ne, ashana ce a ƙarƙashin tankin mai.

Ka sani cewa fitilar baya da ta mita a kan maɓallin nan suke, su ma yanzu sun koma cin batir. Cajin irin waɗannan babura kaɗan ne, don haka sai an auna. Batir lafiyayye a zaune yana nuna wajen bolt 12.6. Tayar da inji, kunna fitila, riƙe totur daidai gudun tafiya. In mita ta tsaya a 13 ko sama, lafiya. In tana sauka ƙasa da 12.5, batir na ramewa, kwana kaɗan sitata da hon za su mutu. Fara da mayar da kwan baya zuwa LED, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba, sai a sauya haɗin kwayil a sa rektifaya mai cikakken caji, kuma wannan aikin mai wayarin ne da ya san hannunsa.

Abu biyu da ba na sassauci a kansu. Na farko, at ta fitila ta tafi da wayarta har firam ko batir. Kada ka ɗaure ta a jikin kunnen fitila, domin daga nan wutar sai ta bi ta cikin boris ɗin wuya da giris kafin ta kai firam, haske ya riƙa rawa. Na biyu, ba murɗa waya da salatif. Salatif na saki da zafi, ruwan damina ya shiga, tagulla ta yi kore. Matse kan jona waya da filaya, ko ka yi dalma, ka rufe da robar tsukewa. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin wannan ganganci: wani dare ina shan kwana a hanyar ƙauyenmu, wayar da na murɗa da hannu ta zare, duhu ya rufe ni ɗif, Allah ne kawai ya sa ba kowa a gabana. Tun ranar nake barin rarar waya a wuyan babur yadda ko an juya kai har ƙarshe ba za ta ja ba.

Tattara mahaɗan cikin jakar roba ko yankin tib, bakinsa na kallon ƙasa don ruwa ya zube, ka ɗaure a bayan fitila inda ba ya taɓa ƙarfen zafinta. Kwan halojin kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu na rage masa kwana. In LED ce ta sakawa a gurbin kwai, ƙwayoyinta su kalli hagu da dama. Sigina in ka matsar da su jikin roba, tabbatar ana ganinsu daga gaba da gefe. Fitilu masu walƙiya ja da shuɗi kuwa ka bar wa motocin jami'an tsaro da na asibiti.

Ɗaurewa

Jerin shi ne: noti, washa na ƙarfe, washa na roba, jikin roba, wani washa na roba, sannan ƙarfe. Fara da maɗauran shokozoba, hagu kaɗan dama kaɗan, kana duba tsakiya. Sannan na roba, daga tsakiya zuwa gefe. Da zarar washa na roba ya fara bajewa, tsaya. Ruwan nan ja ko shuɗi da ake ɗigawa a zaren noti don kada ya kwance yana cin ABS har ta farfashe, kada ya kusanci roba. Noti mai roba a ciki shi ne maganin karkarwa a nan.

Yanzu tayar da inji, bar shi a silo, juya kai hagu da dama har ƙarshe. In ƙarar inji ta ƙaru ko kaɗan, wayar totur ta maƙale a wani wuri, kada ka hau sai ka gyara. Murza totur ka saki a kowane gefe, ya koma da kansa nan take. Duba wayar kuloci, ta burki da ta mita, kada wadda ta lanƙwashe ko take gogar bakin roba.

Saitin haske

Wannan matakin ne kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ne wanda ya shafi ran wasu. Mai keke ko mai tafiya a ƙasa da ka makantar, ko direban da ya daina ganin gefen titi saboda kai, ba su san ka sayi sabuwar fitila ba, duhu kawai suka gani.

Bayan magariba nemi bango da fili mai lebur a gabansa. Duba iskar tayu. Tsayar da babur a kan tayunsa, fitila na nesa da bango mita 5 cif, kai kana zaune a kai kamar za ka tafi. Wani ya auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, ya ja layi da alli a bango daidai wannan tsayin, ya ja na biyu santimita 5 a ƙasansa. Kunna dim. Iyakar hasken ta sama ta zauna a kan layi na biyu. In kana yawan ɗaukar mutum ko buhu a baya, gindin babur na nutsewa hanci ya ɗaga, don haka ko ka yi saitin da kayan a kai, ko ka sauke iyakar zuwa santimita 10. Ana saitawa da sukurun da ke ƙasan fitila, ko a sassauta notin gefe a karkata ta a sake ɗaurewa. Kunna ful ka tabbatar tsakiyarta na kan layin taya. Daga nan ba wa wani babur ɗin ya zauna, kai ka taka mita ashirin gaba, ka ɗan rusuna daidai tsayin mai ƙaramar mota, ka kalli dim ɗinka da idonka.

Gwajin farko da rana za ka yi shi, a hanyar da ba cunkoso. Hau a hankali zuwa gudun kilomita 40 a awa, sannan 60, kana sauraron karkarwa kana jin ko kai na rawa a hannunka. In yana rawa, duba ko robar ta karkace gefe guda, ko gilashin ya miƙe tsaye da yawa. In duk ka gyara bai daina ba, robar ta yi wa babur ɗin girma, cire gilashin ko ka canza ta. Bayan kamar kilomita 100 sake bin dukan noti da sifana, ka buɗe ka duba ko wata waya ta fara gogewa, ka koma bangon nan ka duba ko saiti ya motsa.

Wajen wanki, fara zuba ruwa ƙura ta sauka kafin tsumma ya taɓa gilashi, domin busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu kamar sanfefa yake. Ruwa da sabulu mai laushi sun isa. Fetur da tina suna dusar da gilashin roba, man burki kuma yana cin fenti da roba, in ya ɗiga a kai ka wanke shi da ruwa nan take.